Grasshopper: Yadda Ake Watsa Ɗigogi a Kan Lanƙwasasshen Layi da Tazara Mabambanciya

Cikin abubuwan farko da mai koyon Grasshopper yake iyawa akwai raba layi gida-gida daidai wa daida. A ɗauko akwatin Divide Curve, a haɗa masa layi, a ba shi lamba 20, nan take ɗigogi su jeru kamar sojoji a fareti. Wahalar tana zuwa ne ranar da mai aiki ya ce ba ya son jerin fareti. Mai lambu yana son bishiyoyin gefen hanya su yi kamar da kansu suka fito. Mai ƙofar ƙarfe yana son hujojin da injin leza zai yanka su bi lanƙwasa ba tare da ido ya kama tsarinsu ba. Mai kayan ado yana son duwatsu a kan awarwaro, wasu kusa da juna, wasu nesa. Duk buƙata ɗaya ce: ɗigogi a kan layi, tazararsu ba iri ɗaya ba, amma kuma kada biyu su hau kan juna.

Ga wanda bai san manhajar ba, Grasshopper wani sashe ne na Rhino, manhajar zane mai fuska uku ta kamfanin Robert McNeel & Associates da ke Seattle a Amurka. David Rutten ne ya ƙirƙiro ta, ta fara fitowa a 2007 da sunan Explicit History, kuma tun daga Rhino 6 tare suke zuwa. A cikinta ba a zana abu da hannu. Ana jera ƙananan akwatuna ne a kan allo, kowanne da aikinsa, a haɗa su da zare, bayanin da ya fita daga wannan ya shiga wancan. Idan aka canza lamba ɗaya a farko, duk zanen ya sake kansa har ƙarshe. Wannan ne ya sa masu zanen gine-gine suka rungume ta.

Hanyar da kowa ke fara bi

Akwatin Random yana karɓar abu uku: Range, wato iyakar da lambobin za su faɗa ciki, Number, wato guda nawa ake so, da Seed, wanda bayaninsa na nan tafe. Idan aka bar Range daga 0 zuwa 1, aka sa Number 20, zai fitar da lambobi 20 kamar an jefa ƙuri'a: 0.77, 0.12, 0.40 da sauransu. Abin da ya rage shi ne a mayar da kowace lamba wuri a kan layin, inda 0 ke nufin farko, 1 kuma ƙarshe.

Yawancin masu koyo a nan suke ɗauko Evaluate Curve, su danna dama a kan mashigar layin su zaɓi Reparameterize, su zuba lambobin a mashigar t. Ɗigogi za su bayyana, mutum ya ɗauka ya gama. Amma akwai abin lura. Wannan t ɗin ba awon tsawo ba ne. Misalinsa kamar direban da ya tashi daga Kano zuwa Kaduna: idan aka ce ya ci rabin lokacin tafiyarsa, ba lallai ya ci rabin hanya ba, domin wani wuri ya yi gudu, wani wuri cunkoso ya riƙe shi. To t kamar lokaci yake. Layukan Rhino irin waɗanda ake kira NURBS ne, siffarsu tana bin wasu maki da ke jan layin, kuma inda waɗannan makin suka cunkushe, t yana daɗewa a ɗan gajeren wuri. Saboda haka t na 0.5 zai iya faɗawa nesa da tsakiyar layi, kuma ɗigogin ƙuri'a za su taru a wuraren da mai zane ya fi yawan dannawa lokacin da yake zana layin. A miƙaƙƙen layi ba a ganin wannan bambanci, shi ya sa mutane da yawa ba sa sanin akwai shi sai sun koma layi mai lanƙwasa.

Maganin shi ne Evaluate Length. Wannan akwatin da tsawo na gaskiya yake aiki. Yana da mashiga uku: layin, tsawon da ake so, da wata mai suna Normalized. Idan aka sa Normalized a True, 0.5 na nufin tsakiyar tsawon layin cif. Idan aka sa False, lambar da aka ba shi mita ce ko milimita, gwargwadon ma'aunin da aka buɗe fayil da shi. Wannan ma wurin tuntuɓe ne: wanda fayil ɗinsa ke kan milimita ya rubuta 3 yana nufin mita 3, sai ya ga duk ɗigoginsa sun dunƙule a bakin layi. Haɗa akwatin Length da Panel kafin a fara komai zai nuna ko layin 60 ne ko 60000.

Abu na ƙarshe a wannan mataki, Random ba ya fitar da lambobi a jere. Idan za a haɗa ɗigogin da layi ɗaya bayan ɗaya, ko za a ba su lamba don mai aiki, sai an bi da su ta Sort List tukuna, in ba haka ba layin zai riƙa kai da komo.

Me ya sa ƙuri'a zalla ba ta yin kyau

Ko bayan an gyara batun tsawo, sakamakon yakan ba mutum haushi. Nan ɗigogi uku sun manne da juna, can kuma fili fetal ba ko ɗaya. Mai koyo sai ya zaci manhajar ce ta yi kuskure. Ba kuskure ba ne, haka ƙuri'a ta gaskiya take. Kowace lamba ba ta san inda 'yar uwarta ta faɗi ba, don haka babu abin da zai hana su faɗawa wuri guda.

Lissafi ya faɗi girman matsalar. A ɗauki hanya mai tsawon mita 60, a jefa ɗigogi 20. Za su yanka ta gida 21, idan aka haɗa da guntayen farko da ƙarshe. Matsakaicin gida zai kai kusan mita 2.86, wanda ya yi daidai ga itatuwa ƙanana. Amma gida mafi ƙanƙanta, a matsakaici, tsawon layin ne a raba da 21 sau 21, wato 60 a raba 441. Wannan bai wuce santimita 14 ba. Gida mafi girma kuwa yakan kai wajen mita 10. Ke nan a yawancin jefawa za a samu bishiyoyi biyu da tazararsu ba ta kai taki ɗaya ba, a wani gefen kuma rana ta yi ta dukan masu tafiya. A faifan ƙarfe abin ya fi tsada: hujoji biyu da suka kusanci juna fiye da kima suna barin siririn ƙarfe a tsakani, wanda zafin yanka zai iya narkarwa ko ya karye daga baya, kuma faifan da aka riga aka yanka ba ya komawa.

Abin da ido ke kira "barkatai mai kyau" a gaskiya ba barkatai ba ne. Tazara ce mai bambanci amma mai iyaka sama da ƙasa. Wasu suna ƙoƙarin samun haka ta hanyar jefa ɗigogi da yawa sannan su share waɗanda suka kusanci juna da Cull Duplicates. Yana ɗan aiki, sai dai mutum ba ya sanin guda nawa za su rage, kuma manyan gibin suna nan yadda suke.

A jefa ƙuri'ar a kan tazara, ba a kan wuri ba

Dabarar da ta fi inganci ita ce a juya tambayar. Maimakon a tambayi Random "ina ɗigo zai zauna", a tambaye shi "taku nawa daga wannan zuwa na gaba". Da Construct Domain ake saita iyaka, misali daga 1.5 zuwa 3.5, a haɗa shi da Range. Yanzu kowace lamba tazara ce, kuma babu wadda za ta gaza 1.5.

Don mayar da tazara wuri, ana buƙatar tarawa a hankali: na farko, na farko da na biyu, na farko da na biyu da na uku, har ƙarshe. Akwatin Mass Addition yana yin wannan. Yana da mafita biyu, Result mai ba da jimla gaba ɗaya, da Partial Results mai ba da jimlar kowane mataki. Ta biyun ake so.

Ga ƙaramin misali da za a iya bi da kalkuleta. Layi mai mita 12, ana son gida 5. Ƙuri'a ta ba da 2.1, 3.4, 1.6, 2.9 da 2.5. Tarawa ta ba da 2.1, 5.5, 7.1, 10.0 da 12.5. Sai ga matsala: jimlar 12.5 ce, layin kuwa 12 ne, ɗigon ƙarshe ya faɗa waje. Da wata jefawar ce, jimlar tana iya tsayawa a 11, a bar wutsiyar layi babu komai.

Akwai hanya biyu daga nan. Idan ba dole ne ɗigon ƙarshe ya zauna a ƙarshen layi ba, sai a jefa tazara fiye da yadda ake buƙata, a zubar da duk jimlar da ta wuce tsawon layin ta amfani da Smaller Than da Cull Pattern. Iyakar tazara ba ta taɓu ba, amma yawan ɗigogi zai riƙa canzawa daga jefawa zuwa jefawa.

Idan kuma dole ne a cika layin da adadi sananne, sai a raba kowace jimla da jimlar ƙarshe. A misalin nan, raba su da 12.5 zai ba da 0.168, 0.44, 0.568, 0.8 da 1.0. Waɗannan su ake kaiwa Evaluate Length da Normalized a True, a ƙara 0 a gaba da Merge idan ana son ɗigo a farkon layi. A mita, wuraren sun zama 2.016, 5.28, 6.816, 9.6 da 12. Komai ya shiga. Amma a duba tazara ta uku: da 1.6 ce, yanzu ta koma 1.536, domin an matse kowa da kashi 4 cikin 100. A nan ba ta karya doka ba tunda iyakar 1.5 ce. Da ƙuri'a ta ba da 1.52 a wurin, da matsewar ta sauke ta zuwa kusan 1.47, ƙasa da iyaka, ba tare da wani akwati ya yi ja ko ya yi gargaɗi ba. Irin wannan kuskuren ne ya fi haɗari, domin a ido zanen lafiya lau yake.

Ba kowa haƙƙinsa, sannan a raba ragowa

Ga wanda iyakar ƙasa ta zame masa dole, kamar mai yankan ƙarfe, akwai tsarin da ba ya karyewa. A fara cire mafi ƙarancin tazara ga kowane gida. Gida 5 sau 1.5 ya ba da 7.5. Ragowar layin 12 a cire 7.5, wato 4.5. Wannan ragowar kaɗai za a raba da ƙuri'a.

A ce Random, daga 0 zuwa 1, ya ba da 0.2, 0.9, 0.1, 0.5 da 0.3. Jimlarsu 2.0. Rabon kowane gida shi ne lambarsa a raba da 2.0, a ninka da 4.5, wanda ya ba da 0.45, 2.025, 0.225, 1.125 da 0.675. A ƙara wa kowanne 1.5, tazarar ta zama 1.95, 3.525, 1.725, 2.625 da 2.175. Idan aka tara su, 12 ce cif, kuma ko sau dubu aka sake ƙuri'ar babu gidan da zai gaza 1.5, tunda rabon ragowa ba ya taɓa zama ƙasa da sifili. Akwatunan da ake buƙata duk na lissafin firamare ne: Multiplication, Subtraction, Division, Addition, sai Mass Addition guda biyu, ɗaya don jimlar ƙuri'a, ɗaya don tara tazarar ƙarshe.

Sharaɗi ɗaya ne: ragowar ta kasance ta fi sifili. Wanda ya nemi gida 9 masu tazarar 1.5 a layin mita 12 ya nemi mita 13.5, abin da babu. Yana da kyau a rataya Panel a kan ragowar don a gani da zarar ta koma ƙasa da sifili. Girman ragowar kuma shi ke nuna yawan bambancin da ido zai gani. Idan ta yi kaɗan, jerin zai koma kusa da na fareti.

Akwai wata gajeriyar hanya da ake yawan amfani da ita idan ana gaggawa: a raba layin daidai wa daida, sannan a ɗan gusar da kowane ɗigo gaba ko baya. Idan tazarar asali mita 3 ce, aka ba da damar gusawa daga -0.9 zuwa 0.9, mafi munin abin da zai faru shi ne maƙwabta biyu su matso juna, tazara ta koma 1.2, ko su guje wa juna ta kai 4.8. Tana da sauƙi, sai dai mai kaifin ido yakan hango tsarin asalin a ƙarƙashi idan gusawar ba ta da yawa.

Tsawon layi da nisan kai-tsaye

Duk lissafin da ya gabata a kan bin layi yake. Amma reshen bishiya ba ya bin layi, haka ma zafin leza. A kwana mai tsanani, ɗigogi biyu da ke da nisa idan aka bi lanƙwasa suna iya zama kusa idan aka miƙe. Rabin da'ira mai faɗin mita 2 tsawonta mita 3.14 ne, amma bakinta biyu mita 2 ne kawai tsakaninsu. Grasshopper kanta ta raba waɗannan biyun: Divide Length yana auna bin layi, Divide Distance yana auna miƙe. Don haka a zanen da ke da kwanoni, bayan an samu ɗigogin, a sake auna su da Distance. Hanyar ita ce a yi Shift List biyu, ɗaya da 1, ɗaya da -1, duka da Wrap a False, a haɗa su da Distance, sannan Bounds ya nuna mafi ƙanƙanta da mafi girma. Wannan awon ya kamata ya zauna a gefen allo har a gama aiki.

Idan layin rufaffe ne, kamar da'ira ko zagayen fili, 0 da 1 wuri ɗaya ne. Kada a ƙara 0 a gaba, in ba haka ba za a samu ɗigogi biyu a kan juna, injin ya yanka huji ɗaya sau biyu.

Seed

Kwamfuta ba ta jefa ƙuri'a ta gaskiya. Tana bin wani lissafi ne da ke farawa daga lamba guda, ita ce Seed. Idan Seed bai canza ba, lambobin da za su fito ba za su canza ba, ko an kashe kwamfutar an kunna gobe. Wannan alheri ne babba. Mai zane zai haɗa Number Slider da Seed, ya yi ta ja yana kallon tsari daban-daban, in mai aiki ya ce na 37 ya yi masa, sai a rubuta 37 a ajiye. Babu wata alaƙa tsakanin tsarin 37 da na 38, don haka jan sila kaɗan ba ya nufin canji kaɗan.

Wurin da Seed ke ba da kunya shi ne idan layukan suna da yawa. Layuka 10 da Seed ɗaya za su sami tsari iri ɗaya sak, kuma idan suna jere da juna ido zai ga ratsi-ratsi a tsaye, asirin ya tonu. Ana magance wannan da Series mai fitar da lamba ɗaya ga kowane layi, a yi masa Graft, a yi wa layukan ma Graft, ta yadda kowane layi zai haɗu da nasa jerin. Idan ɗigogi suka ninka yadda ake zato, ko akwati ya ɗauki lokaci yana lissafi, kusan kullum rashin daidaita Graft ne a ɗaya daga cikin ɓangarorin.

Wani lokaci ana son ɗigogin su yi yawa a wani gefe su ragu a wani, kamar fitilu da ke cunkushe kusa da ƙofa. A sa Graph Mapper tsakanin lambobin 0 zuwa 1 da Evaluate Length, ko kawai a ninka kowace lamba da kanta. Tunda 0.5 sau 0.5 ya ba da 0.25, rabin ɗigogin za su koma cikin rubu'in farko na layin. Wannan yana matse tazara a wancan gefen, don haka awon Distance ya sake zama dole.

Ɗigo kaɗai ba ya gina komai. Evaluate Length yana fitar da t na kowane ɗigo, kuma wannan t ɗin ne ake ba Perp Frame idan ana son abu ya gitta layin kamar haƙarƙari, ko Horizontal Frame idan ana son ya tsaya a miƙe kamar turken fitila. Daga nan Orient zai ɗora siffar a kowane wuri. Sai an yi Bake kafin sakamakon ya zama zanen Rhino na dindindin da za a iya aika wa mai inji.

Wanda waya kaɗai gare shi

Rhino tana buƙatar kwamfuta mai Windows ko Mac, kuma ta kuɗi ce, ko da yake kamfanin yana ba da gwajin kwana 90 kyauta. Amma zuciyar wannan darasi lissafi ce, ana iya ƙware ta a waya kafin a samu kwamfuta. A Google Sheets, a rubuta =RAND() a gidaje biyar daga A1 zuwa A5. A B1 a rubuta =1.5+A1/SUM($A$1:$A$5)*4.5 a ja shi zuwa B5. A C1 a rubuta =SUM($B$1:B1) a ja shi ƙasa. C5 zai nuna 12 kowane lokaci, kuma babu lambar da za ta gaza 1.5 a jerin B. Bambancin kawai shi ne RAND ba shi da Seed, yana sakewa duk lokacin da aka taɓa wani gida, don haka tsarin da ya yi kyau sai a kwafe shi a manna lambobinsa zalla.

Mai kwamfuta da ba shi da kuɗin lasisi zai iya yin irin wannan aiki a Blender, wadda kyauta ce. A sashenta na Geometry Nodes, Random Value yana da nasa Seed, Accumulate Field yana yin aikin tarawa irin na Partial Results, Sample Curve kuma yana karɓar wuri ko dai a matsayin Factor daga 0 zuwa 1 ko a matsayin Length. Masu aiki da Revit suna da Dynamo, wadda ita ma ta bambanta neman ɗigo ta hanyar t da nemansa ta hanyar tsawo, da sunayen Curve.PointAtParameter da Curve.PointAtSegmentLength.